Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shiri da Kariya Kafin Girka Saba a Ƙasar Minjibir

Tsakure

Wannan takarda ta duba shirin da ake buƙata, da matakan kariyar da suka wajaba, kafin a girka saba a makaranta ko asibiti ko ofis a Ƙaramar Hukumar Minjibir ta Jihar Kano. Littafin umarnin da ke zuwa cikin kwalin na'urar an rubuta shi ne bisa zaton akwai tsayayyiyar wuta, da ɗaki mai sanyi, da iska marar ƙura, da wayar ƙasa mai aiki. A karkarar Kano, wanda zai girka na'urar shi zai samar da waɗannan huɗun da hannunsa, kuma nan ne mafi yawan aikin da kuɗin suke. Takardar ta bi haɗarin da kowane lokaci na shekara ke kawowa, ta sa ran ma'aikaci gaba da lafiyar na'ura, ta kuma kafa hujjar cewa a ƙarshen rani ya kamata a auna wayar ƙasa, domin tsawar farkon damina a kan busasshiyar ƙasa take sauka.

Gabatarwa



Saba kwamfuta ce da aka keɓe don ta yi wa sauran kwamfutoci hidima. Ita ke riƙe bayanai, ita ke miƙa su ga wanda ya nema, kuma ba a kashe ta dare da rana. Wasu masu fassara suna kiranta uwar garke, sunan kuwa ya dace da ita, don in ta kwanta, garken duka ya tsaya.

Me ya haɗa saba da Minjibir, ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa, wadda a da aka fi saninta da saƙa? Garin yana kimanin kilomita 20 arewa maso gabas da birnin Kano, kuma ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 200,000 a ƙaramar hukumar. Ƙasa ce da gona ke jingine da gona, daga wannan ƙauye kana hango na gaba. Akwai sakatariya, akwai babban asibiti, akwai makarantun sakandare, akwai gonar binciken IITA kusa da madatsar ruwan Wasai inda ake gwajin irin wake. Kowannensu yana tara bayanan da takarda ta fara gaza ɗauka. Sannan tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma kowace cibiyar jarrabawa tana dogara da saba da ke cikin ginin don raba tambayoyi ga ɗalibai. Duk mai niyyar kusanto da irin wannan cibiya ga yaran Kunya da Wasai da Kantama, sai ya bi ta kan abin da zan faɗa.

Wani zai ce a yi hayar ajiya a intanet a huta. Yana da gaskiya ta wani ɓangaren, kuma zan dawo kanta. Amma a ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka shiga wahala ta kwanaki. Asibitin da katin majinyacinsa ke can wata ƙasa kaɗai, ranar ya makance. Don haka na'urar cikin gida tana da gurbinta.

Abin da na kawo ya fito ne daga aikin girkawa da gyara da na yi a karkarar Kano, na auna shi da ƙa'idojin da masana wannan fanni suka yarda da su.

Rumbu kafin hatsi

Manomin Minjibir ba ya bari sai dammunan gero sun iso ƙofar gida sannan ya fara tunanin rumbu. Tun kafin kaka ya ɗora shi kan duwatsu don damshi da gara, ya yaɓe tsagarsa, ya sabunta jinkarsa. Mu kuwa a ofisoshinmu sau da yawa kwalin saba ne ke fara isowa, sannan a tashi neman inda za a sa ta. Ɗakin da ake samu kuma shi ne wanda kowa ya ƙi: sito mai kwano ba sili, taga ɗaya tana kallon yamma, tsofaffin fayiloli jibge har rufi.

Zafi ne farkon abin dubawa. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. A watan Afrilu zafin inuwa a ƙasar Kano kan kai digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya wuce haka. Ita kanta na'urar murhu ce: duk wutar da ta ci, zafi take mayar da ita. Saba mai cin wat 400 daidai take da tsofaffin ƙwan fitila huɗu masu wat 100 da aka kunna aka rufe musu ƙofa, ba dare ba rana. Saboda haka ɗakin da ya kamata a zaɓa shi ne na tsakiyar gini, ko wanda bangonsa ke kallon arewa, mai sili, wanda rana ba ta dukan tagarsa. In akwai darbejiya da ke yi wa rufin inuwa, alheri ne, sai dai a sare reshen da guguwar farkon damina za ta iya karyowa.

Daga nan sai ruwa. A hau sama a duba kwanon da rana tsaka, duk inda haske ya ɓullo, ruwa zai ɓullo a Agusta. Kada bututun ruwa ko tankin sama ya ratsa ta kan ɗakin. Na'urar sanyaya ɗaki ma tana ɗigar ruwa, don haka ba a kafa ta saman kantar saba. Ita kantar a ɗaga ta daga daɓe, kamar dai rumbu.

Sauran abokan gaba ƙanana ne, littafin umarni bai san da su ba. Ɓera yana gaigayar waya, ya fi kuma yawa bayan kaka in an shigo da amfani gida. Gara tana bin bututun waya ta cika shi da ƙasa. Tsaka da ƙadangare suna son ɗumin bayan na'ura, in suka gitta tsakanin wayoyi biyu masu wuta, su mutu, allon ya ƙone. Na taɓa buɗe wata na'urar riƙon wuta da ta daina aiki, na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kan fankarta har ta kasa juyawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ɗakin saba wannan magana a zahirinta take. Kowace kafa da waya ta bi a toshe ta da siminti, taga a sa mata raga, ƙasan ƙofa a sa masa roba, a kuma hana cin abinci a ciki.

Wuta uku a gini ɗaya

Nan ne rai yake, don haka zan ɗan daɗe.

Ginin da ke da saba a yankinmu kusan kullum yana da wuta uku: ta layi, wadda har yau muke kira wutar Nepa ko da yake tun Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ke rarraba ta a Kano da Katsina da Jigawa, ta janareta, da ta sola mai batir da inbata. In an ƙara na'urar riƙon wuta, wadda ma'aikata ke kira yufiyes, sun zama huɗu. Littafin umarni yana cewa a kashe wuta kafin a taɓa waya. Wace daga ciki?

Wata rana muna jan waya a wata makaranta, babu wutar layi tun safe, janareta a kashe. Yaron aikina yana kan tsani hannunsa cikin akwatin rarraba wuta, sai aka kawo wuta. Wani bawan Allah da ke son ya taimaka ya ruga zai juya canjoba, makunnin da ke sauya gini daga wata wuta zuwa wata. Ihun da na yi ne ya tsayar da shi, hannunsa na kan mariƙin. Ya ce, "Wallahi Injiniya, na ga kuna fama da zafi ne, na ce bari in kunna muku fanka." Laifin nawa ne, domin ban kulle canjobar ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na sa kwaɗo a kan canjoba da babbar bureka, makullin yana aljihun wanda hannunsa ke cikin waya, da kwali rataye an rubuta da manyan baƙaƙe: ANA AIKI, KADA A KUNNA.

Bayan kullewa sai aunawa. A gwada mita a soket ɗin da aka san yana da wuta, a auna wayar da za a taɓa, a sake gwada mitar don a tabbata ba ita ce ta mutu ba. Ƙaramin testa mai kama da sukundireba bai isa a jingina rai a kansa ba. A tuna kuma yufiyes da inbata suna ci gaba da ba da wuta bayan an zare su daga bango, aikinsu ke nan. Faifan sola kuwa muddin rana na kansa yana da wuta, kuma in an jera su da yawa ƙarfin kan kai ɗaruruwan bolt. Ba a aikin wuta mutum ɗaya, ba a yin sa da agogon ƙarfe ko zobe, ba a yin sa da silifas a jiƙaƙƙen daɓe. Babbar riga da hannunta ke reto a tuɓe ta a rataye.

Wannan ke nan game da mutum. Game da na'ura, wutarmu a ƙa'ida bolt 230 ce, amma duk wanda ya zauna a ƙarshen dogon layi ya san yadda take zuwa rabi da magariba, ƙwan fitila ya yi ja, sannan ta dawo da ƙarfi lokacin da aka maido ta bayan ɗaukewa. Saba tana buƙatar layinta ita kaɗai daga akwatin rarrabawa, da burekarta, ba tare da firji ko famfon burtsatse ko na'urar sanyaya ɗaki a kansa ba. Kada a yi mata ƙari da wayar jona ta kasuwa. Yufiyes ɗin da ya dace shi ne irin wanda kullum daga batir yake ciyar da na'ura yana kuma cika batirin, don in an ɗauke wuta babu ko ƙiftawa. Inbata mai araha da ke fitar da wuta mai gargada tana wahalar da akwatin wutar saba. Wanda kuma ya sayo kayan hannu da suka fito daga Amurka ya karanta bayan kowanne: yawancin saba suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, amma yufiyes ɗin Amurka na bolt 120 ne, da an jona shi a nan ya tashi aiki.

Bari mu yi ɗan lissafi, don nan ne kasafi ke rushewa. Saba mai wat 400 tana cin kilowat 9.6 na awa a yini da kwana. Daga faɗuwar ƙarfin rana zuwa fitowarsa, a ce awa 14, tana buƙatar 5.6. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 na awa yana riƙe 2.4, amma in ana son ya daɗe rabi kawai ake zuƙa, wato 1.2. Batir biyar ke nan kafin a lissafa asarar inbata, kafin a sa na'urar raba layin sadarwa, kafin a taɓo na'urar sanyaya ɗaki wadda ita kaɗai ta fi sabar ci. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin Ugwuaji zuwa Apir, Kano da yawancin jihohin Arewa sun haura mako cikin duhu. Wanda ya yi lissafinsa bisa fatan wutar layi za ta cika batir, a makon ya gane kurensa. Ra'ayina a nan a fili yake: makaranta ko ƙaramin asibiti ya sayi na'ura daidai buƙatarsa, ko da ƙarama ce mai cin wuta kaɗan, ya zuba ragowar kuɗin a wuta da ɗaki. Na ga babbar saba da aka yi bikin buɗewa tana zaune a kashe shekara guda saboda babu mai iya ciyar da ita, kuma abin ya yi mini ciwo.

Ƙasa da tsawa

Soket ɗinmu baki uku gare shi, na ukun shi ne wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira at. Aikinta biyu. In wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfen na'ura, ita ke ba ta hanya don bureka ta faɗi kafin mutum ya zama hanyar. In kuma tsawa ta turo bugu ta cikin waya, ita ce magudanar da na'urar kare bugu ke zubar da shi. A gine-gine da yawa da na buɗe soket, bakin nan na uku ba a jona shi da komai ba. A wasu an jona, amma in ka bi wayar sai ka tarar ta ƙare a kan guntun rodi da tsatsa ta cinye.

Ga inda ƙasar Minjibir ta bambanta da ƙasar da aka rubuta littafin dominta. Mafi yawanta jigawa ce, rairayi mai saurin shanye ruwa, wanda wake da gero ke so. Busasshen rairayi kuwa ba ya karɓar wuta. Sandar da aka kafa aka auna a Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, za ta nuna lamba mai daɗin gani. A sake auna ta a Afrilu, bayan wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa, sai a ga turjiyar ta ninka. To yaushe ne tsawa ta fi ɓarna? Hadarin farko na Mayu da Yuni, mai zuwa da guguwa da jar ƙura da walƙiya, yana isowa ne tun ƙasa ba ta jiƙa ba. Wato ranar da aka fi buƙatar wayar ƙasa ita ce ranar da ta fi rauni. Wannan shi ne babban abin da nake so masu karatu su tafi da shi: takardar shaidar da aka rubuta da damina ba ta isa hujja ba. A auna a ƙarshen rani, da na'urar auna ƙasa ta ainihi mai turaku, a nemi turjiyar da ba ta wuce om 5 ba, kamar yadda ake nema wa kayan sadarwa.

Yadda za a kai ga haka sananne ne. A yi amfani da sanduna masu rufin tagulla, a zurfafa har a taɓo damshi, a kafa fiye da ɗaya da tazarar da ta kai aƙalla tsawon sandar, a haɗe su. Al'adar masu aikinmu ita ce a zuba gawayi da gishiri a ramin. Tana rage turjiya da farko, amma gishiri yana cin ƙarfe, ruwan damina kuma yana wanke shi, bayan 'yan shekaru a koma gidan jiya ba tare da kowa ya sani ba. Yumɓun bentonait, wanda masu haƙa burtsatse suka sani, ya fi riƙe damshi ya kuma fi daɗewa. A bar wa ramin murfi don a riƙa dubawa. Sannan wayar ƙasa ta janareta, da ta sola, da ta sandar kare tsawa, da jikin kantar saba, duk a ɗaure su wuri guda. In aka raba su, bugu zai ratsa ta cikin na'ura yana neman hanya daga wannan zuwa waccan. A sa bureka mai jin yoyon wuta, irin mai faɗuwa a miliamfiya 30, a kuma gwada ta a kan kowace wuta daga cikin ukun, domin ƙananan janaretoci da yawa ba a ɗaure su da ƙasa yadda za ta faɗi ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da hurumin duba irin wannan aiki.

Wani kuskure da na yi da kaina: na ja wayar sadarwa ta tagulla ta sama daga ofis zuwa wani ajin da ke tsallaken fili. Hadari ɗaya ya yi, tsawar ba ta ma sauka a kan ginin ba, amma da safe na'urar raba layi da bakin sadarwar sabar duk sun ƙone. Tsakanin gini da gini faiba ake sawa, don gilashi ce, ba ta ɗaukar wuta. Ta tagulla ta tsaya cikin gini, kada ta wuce mita 100, a kuma kankare bakinta a gani, don akwai wadda alminiyom ce aka lulluɓe da tagulla.

Ranar buɗe kwali

In aikin ya faɗo da hunturu, akwai abu biyu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi laushinta ya kai ta ratsa duk inda iska ta ratsa, fankokin saba kuma zuƙarta suke yi dare da rana har ta toshe hanyar iska. A gama duk wani aikin fasa bango da huda da shara kafin a yanke tef ɗin kwali, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe.

Na biyu ba a ganinsa. Kowa ya san tartsatsin da bargo ke yi cikin duhu a watan Janairu, ko ɗan cizon da mariƙin ƙofar mota ke yi. Lantarki ne da ke taruwa a jiki idan iska ta bushe, da hunturu kuwa damshin iskar Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Mutum ba ya jin wannan tartsatsi sai ya kai wajen bolt 3,000, amma ƙasa da bolt 100 ya isa ya raunata ƙananan sassan da ke kan allon kwamfuta. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ya kashe su nan take. Na'ura za ta tashi lafiya, bayan wata biyu ta fara ɗaukewa ba dalili, a yi ta zargin mai sayarwa. Maganin ba shi da tsada: awarwaron hannu mai waya da ake maƙalawa a jikin ƙarfen da aka ɗaure da ƙasa, tufafin auduga maimakon rigar sanyi ta roba, a cire darduma daga ɗakin, a bar kowane sashe cikin jakarsa sai lokacin sawa, a riƙe shi ta gefe.

Na'urar da ta sha girgiza daga shagunan titin Beirut ko Sabon Gari a birnin Kano har zuwa ƙauye, a buɗe ta a tabbata babu abin da ya zame daga gurbinsa kafin a ba ta wuta. Nauyinta ma abin kula ne: saba mai kaurin gurbi biyu kan kai kilo 25 zuwa 30, mutum biyu ke ɗaga ta. A kafe kantar da daɓe tukuna, a fara jeri daga ƙasa, batir da yufiyes a can gindi, kuma kada a zaro na'ura biyu lokaci guda, don kantar na iya rinjayowa kan mai aiki. Gaba da baya a bar filin da mutum zai tsaya, kada bayan na'ura ya manne da bango.

Batir da gobara

A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. A Satumban 2025 wata ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon yayin da ma'aikata ke sauya wa batiran litiyom wuri, ɗaruruwan ayyukan gwamnati suka tsaya. Waɗannan wurare ne da motar kashe gobara ke isa cikin mintoci. Mu da ke nesa da ita, rigakafin ne kawai namu.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, wadda kan kama da wuta in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, don haka yana son wurinsa daban mai shan iska. Zafi kuma yana cin ransa: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Sifana ɗaya da ta faɗa tsakanin kawunan batir ta isa ta narke, saboda haka a naɗe kayan aiki da tef, a sa fis kusa da batir. Abin kashe gobara ya zama mai iskar kabon, a rataye shi wajen ƙofa inda za a kai gare shi ba sai an shiga hayaƙi ba, kada a kusanto da ruwa. Janareta kuwa waje, nesa da taga. Hayaƙinsa ya kashe iyalai a ƙasar nan suna barci, kuma ɗakin maigadi sau da yawa shi ne mafi kusa da shi.

Iri ba ya kwana tare da na ci

Manomi yana ware iri daban, don in wuta ko gara ta ci rumbu ya samu abin shukawa. A gobarar Strasbourg, waɗanda kwafin ajiyarsu ke cikin wurin da ya ƙone sun rasa duka biyun. Jera faifai biyu cikin saba ɗaya yana maganin mutuwar faifai ɗaya ne kawai, ba ya maganin tsawa ko ɓarawo. A tsara kwafi uku tun kafin a shigar da bayanin farko, ɗaya a wani ginin daban ko a intanet. Nan ne hayar da na ambata ke da amfani. A kuma gwada maido da bayani daga kwafin a gaban shugaban wurin. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanai alhakin tsare su, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da hukuma in an yi ɓarakar da ka iya cutar da masu su. Don haka kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita a sauya ta kafin a jona ta da kowane layi, ƙofar ɗakin ta zama ta ƙarfe, a kuma san hannun da makulli yake.

Wanda za a bar wa

Injiniya yana gamawa ya koma birni. Wanda zai kwana da na'urar shi ne maigadi, kuma da wuya ka ga an sa shi cikin horo. Alhali shi zai fara jin ƙarar yufiyes da ƙarfe biyun dare, shi zai fara shaƙar ƙaurin waya, shi zai ga hadari ya haɗo daga gabas.

Kafin in miƙa aiki nakan yi gwajin ɗauke wuta a gabansa da gaban ma'aikacin da aka ɗora wa kula da na'urar. In kashe ta layi, mu ga batir ya karɓa. In kashe inbata, mu ji kukan yufiyes, mu ƙirga mintocin da yake riƙewa, mu ga sabar ta kashe kanta cikin tsari kafin ya ƙare. A wani wuri da muka yi haka, dattijon da ke gadi ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, duk na ji. Amma in na ji ƙauri cikin dare, wanne zan fara taɓawa, tunda kun ce ɗakin a kulle yake?" Na ce, "Baba, ka yi gaskiya, wannan ban tanada ba." Washegari muka fito da makashin wuta guda ɗaya wajen ɗakin, muka shafa masa jan fenti, muka gwada shi ya yanke layi da janareta da inbata, muka nuna masa cewa batiran ciki suna nan da wutarsu, kada ya shiga, kada ya watsa ruwa. Muka rubuta matakai huɗu da lambar wayar da zai kira a kan kwali, da boko a sama. Da yake shi allo ya yi, liman ya rubuta masa su da ajami a ƙasa, muka lulluɓe kwalin da leda muka kafa shi a gefen ƙofa daidai tsayin idonsa.